Lahiya Uwar Jiki: In Yaro Ya Yi Haɓo

 

Ran Laraba da ta wuce muna tsakiyar zubi, sai ga ɗan wata ƴar ƙungiyarmu, ɗan shekara 7, ya shigo a guje, jini ya ɓata mishi gaban riga. Muka bar akwati buɗe, kowa na faɗin tata. "Ɗaga kanshi sama!" "A kwantar da shi!" Wata har ta yagi tsumma za ta cusa mishi. Muka ɗaga kan, yaro ya yi ta haɗiyar jini, can sai ya amayo shi. Uwar ta ɗora hannu a ka, ta zaci daga ciki jinin ke fitowa. Washegari muka je gidan likita muka tambaya, ashe mu ne muka ƙara mishi wahala.

Ga abin da muka koyo. A cikin hanci, daga gaba, akwai ƙananan jijiyoyin jini, fatar da ta rufe su kuwa sirirya ce ƙwarai. Iskar hunturu da ƙura sukan busar da ita ta tsage, kamar dai yadda leɓe da diddige ke yi. Zafin bazara ma haka. Sai yaro ya sa farce, ko ya fyace majina da ƙarfi, ko a buge shi wurin wasa, jini ya ɓalle. Mai ciki ma takan yi haɓo, don jijiyoyin hancinta sukan kumbura. Mai shan asfirin kuma jininta ba ya saurin tsayawa.

In ya faru, kar mu ruɗe:

1. A zaunar da shi, ya ɗan sunkuyo gaba.
2. A matse wuri mai taushi na hanci, ƙasa da ƙashi, da babban yatsa da manuni.
3. Ya yi numfashi ta baki, ya tofar da jinin da ya zo mishi.
4. A riƙe minti 10 cur, a duba agogon waya. Nan ne muke kuskure, muna saki muna leƙawa, jinin da ya fara daskarewa sai ya sake ɓallewa.
5. In bai tsaya ba, a ƙara minti 10.

Tsumma mai ruwan sanyi a bisa karan hanci ba laifi. Amma garin taba, toka, kashin dabba ko ganye, kar a cusa ko ɗaya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Bayan ya tsaya, ranar nan ba fyace hanci, ba sa yatsa, ba guje-guje cikin rana.

Mafi yawan haɓo a gida yake ƙarewa. Amma a tafi likita ba jinkiri in jinin ya wuce minti 20 ana matse, ko mutum na jin jiri, tafin hannunshi ya yi fari. In bayan faɗuwa ne ko bugu a kai. In yaro bai kai shekara 2 ba, ko yana da amosanin jini. In akwai zazzaɓi ko dasashi ma na jini. In maciji ya sare shi. Yaron da hancinshi ɗaya ke wari yana fidda jini, wataƙila ƙwarar wake ko gujiya ya tura, kar mu tono da tsinke. Mai ciki da ke haɓo da ciwon kai ko kumburin fuska, da iyayenmu tsofaffi da yake yawan dawo musu, a auna musu hawan jini.

Rigakafin ba tsada. Safe da dare a shafa ɗan man kaɗe ko basilin a bakin hanci daga ciki, a yanke wa yara farce, su sha ruwa sosai, mu kuma mu rufe hanci da kallabi wurin shara da sussuka.

A ƙungiyarmu mun yanke shawara: in irin wannan ta taso da dare, a ɗauki kuɗin mota daga asusun taimako, lissafi ya biyo baya. Ku ma ku tattauna wannan a zamanku na gaba, kowace ta gwada matse hancinta a gaban ƴan'uwa, don hannu ya saba.

Allah ya ba mu lahiya da zama lahiya. Sai fitowa ta gaba.