Kwamfuta a ajin ƙididdiga: da waɗanne alƙaluma za a koya?

Ɗalibin da ke karatun tattalin arziki da gudanar da kamfani, a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Djibo Hamani ta Tawa, ba shi da hanyar kauce wa darasin ƙididdiga. Muhawarar da ake yi yanzu ita ce yadda za a koyar da shi: da alli da allo, ko a gaban kwamfuta.

Amfanin kwamfutar a fili yake. Lissafin da zai cinye wa ɗalibi awa guda da biro, Excel na gama shi nan take, sai lokacin aji ya koma kan tambayar da ta fi muhimmanci: me wannan sakamakon yake nufi ga mai shago ko mai ba da bashi? Tsadar manhaja ma ba hujja ba ce. SPSS da Stata na kuɗi ne, amma R da LibreOffice kyauta ake sauke su.

Sai dai kwamfuta ba ta aiki sai da wuta. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse lantarkin da take bai wa Nijar, wanda ya kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da NIGELEC ke rarrabawa. Duk makarantar da za ta buɗe ɗakin kwamfuta, dole ta sa faifan sola da batir a cikin kasafinta.

Babban batun kuma shi ne alƙaluman da ake koyo da su. Misalan littattafan Faransa ba su san Galmi ba. Ga cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ga kuma SIMA da ke bibiyar farashin hatsi a kasuwanni. Da waɗannan ɗalibi zai iya auna yadda tiyar hatsi ke sauka da kaka ta hau da bazara, ko lokacin da ajiye albasa ya fi sayar da ita riba, ko yadda faɗuwar naira ke taɓa cinikin Maraɗi da Katsina.

Wanda ya iya latsa maɓalli bai san me lambar ke faɗa ba, zai yi kuskure ne cikin sauri kawai. Saboda haka ƴan ƙasar waje masu aiko wa ƙannensu kwamfuta, yana da kyau su riƙa tambaya ko malami yana sa su aiki da farashin kasuwar garinsu.