Rana Ba Ta Ƙarya: Cekin Jiran Rana a Idon Banki

Gabatarwa

Ciniki bisa bashi daɗaɗɗen abu ne a birnin Zazzau. Mai ɗinkin babbar riga kan karɓi yadi da zare a Kasuwar Birni, ya ce zai biya idan ya sayar. Magidanci kan ɗauki hatsi zuwa kaka. A da, baki da shaidu ke riƙe irin wannan alkawari. Da bankuna suka kafu a Sabon Gari da Tudun Wada, sai aka sami wata sabuwar hanya, wato mai cin bashi ya rubuta ceki yau, amma ya sanya masa kwanan wata na gaba. Shi ne muka kira cekin jiran rana. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, banki yana da gaskiya idan ya ƙi biyan irin wannan ceki kafin ranarsa, kuma nauyin cika alkawarin yana wuyan wanda ya sa hannu.

Matsayinsa a Banki

Ceki umarni ne a rubuce daga mai asusu zuwa ga bankinsa, cewa ya biya wane kuɗi kaza. Dokar takardun hada-hadar kuɗi ta Nijeriya, wadda aka gado daga ta Ingila ta 1882, ba ta ɓata ceki don kawai an sanya masa ranar gaba ba. Sai dai umarnin bai fara aiki ba sai ranar ta zo. Saboda haka idan aka kai shi kanta da wuri, ma'aikaci zai mayar da shi, ko da asusun cike yake. Bankin da ya yi gaggawar biya ya saɓa wa umarnin mai asusu, kuma asarar da ta biyo baya tana iya komawa kansa. Idan kuwa ranar ta wuce da wata 6 ba a kai shi ba, ya zama tsohon ceki, ba a biyansa.

Ba ko'ina ne haka take ba. A Amurka, banki na iya biya kafin ranar, sai fa idan mai asusu ya riga ya sanar da shi batun cekin. A ganina tsarinmu ya fi dacewa da mutanen da suka ɗauki alkawari kaya.

Ƙorafin 'Yan Kasuwa

Ɗan kasuwar da ya taso daga Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana ya je har PZ, aka mayar masa da ceki saboda saura kwana biyu, zai ce an yi masa wulaƙanci. Ƙorafinsa abin saurare ne, amma hujjarsa ba ta da ƙarfi. Ya ga ranar da idonsa sa'ad da ya karɓi takardar, ya kuma yarda da ita. Mai asusun wataƙila ya tanadi kuɗin da ke ciki don kuɗin makarantar 'ya'yansa, yana jiran wasu su shigo kafin wa'adin. Da banki zai biya da wuri, da ya warware yarjejeniyar da ba da shi aka ƙulla ba.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya ji tsoro daban ne. Banki yana tsare rana ne kawai, bai lamunce masa kuɗi ba. Kafin ranar, mai asusu na iya ba da umarnin a dakatar da biya, ko ya kwashe abin da ke ciki. Idan kuma labarin rasuwarsa ya isa banki, ikon biya ya ƙare. Ashe ke nan cekin jiran rana shaidar bashi ce, ba kuɗi a hannu ba.

Gargaɗi ga Malamin Gobe

Ko da yake tura kuɗi ta waya ya rage amfani da ceki, masu ba da rance da wasu masu gidajen haya ba su daina neman sa daga ma'aikata ba. Sabon malami na iya rubuta ceki shida a zama guda don ya mallaki babur, yana dogaro da albashin ƙarshen wata. To, albashi kan makara, amma rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

A nan ma abin ya wuce kunya. Dokar soja mai lamba 44 ta 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 2, ba zaɓin tara, ga wanda ya karɓi kaya ko bashi da cekin da aka kai banki cikin wata 3 daga ranar da ke jikinsa, aka mayar saboda rashin isassun kuɗi. Dokar ta bar mafita ga wanda ya tabbatar wa kotu cewa yana da kyakkyawan dalilin zaton za a biya, amma kafin a kai nan, mutuncin malami ya riga ya zube a gaban ɗalibansa.

Kammalawa

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi da wa'adinsa, a kuma kafa shaidu. Cekin jiran rana bai maye gurbin wannan ba. Mai bin bashi ya nemi yarjejeniya a rubuce da shaidu tare da cekin. Mai cin bashi kuwa ya sanya ranar da ta ba albashi sararin makara, kuma idan ya hango ba zai iya cikawa ba, ya je wa mai kuɗin da bayani tun kafin ranar. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ke bambanta mutane shi ne yadda suke riƙe wa'adinsa.