A Saya wa Jitarmu Tsirkiya Mai Sulɓi



Jitar bes guda ɗaya tak ƙungiyar kiɗa ta makarantarmu take da ita, kuma tsirkiyoyinta huɗu duk sun yi tsatsa. Yanzu an tara kuɗin sayen sababbi kafin ranar ba da kyaututtuka, sai gardama ta tashi a kan irin da za a saya. Mu 'yan ƙananan azuzuwa muna goyon bayan masu sulɓi.

Kowace tsirkiyar bes waya ce a tsakiya, aka naɗe ta da wata wayar. Idan wayar naɗin zagayayya ce, tsirkiyar takan yi kaushi, da 'yan ramuka tsakanin naɗi da naɗi. Idan kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, sai ta fito sumul.

Yayyenmu na manyan azuzuwa sun ce mai kaushi ta fi araha, kuma sautinta ya fi fita tangaran. Ba su yi ƙarya ba. To amma hannu nawa ke taɓa jitar nan a mako? Gumi da ƙurar hunturu cikin ramukan nan suke maƙalewa, kafin wa'adin karatu ya ƙare sautin ya dushe, a sake neman kuɗi. Mai sulɓi ba ta da inda datti zai ɓuya, a goge ta da tsumma kawai, kuma takan yi shekaru. Ba ta cin ƙarafunan wuyan jita kamar mai kaushi. Sannan ga yatsunmu. Duk wanda ya fara koyo a cikinmu ya san yadda suke yin bororo, har riƙe biro ya zama aiki washegari.

Wani ya ce tsohon yayi ce. E, jitar bes da kamfanin Fender ya fitar a Amurka a 1951 da ita ta zo, masu kaushi sai a wajen 1966 suka fara tashe a Ingila, lokacin da kamfanin Rotosound ya yi wa John Entwistle irin da yake so. Amma James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a waƙoƙin Motown masu yawa a birnin Detroit, mai sulɓi ya riƙe, kuma da wuya ya canza ta. Sautinta mai kauri ne, yana zama a ƙarƙashin ganguna, ba ya danne muryar masu rera taken makaranta.

Muna roƙon Malam ya lura da abu ɗaya: yawancin masu sulɓi sun fi ɗaurewa tamau, don haka bayan an saka su a kai wa mai gyara ya daidaita wuyan jitar. Idan kuɗin bai kai ba, ajinmu ya yarda a sake zagayawa da kwalin karo-karo ranar Juma'a.