RA'AYINMU: A Ɗora Kaya Ko A Ɗora Yaro?

Wata uwa mai 'ya'ya huɗu ta rubuto mana wasiƙa daga Kaduna tana neman shawara. Ta ce ƙanwarta da ke zaune a Ingila ta yi mata alkawarin aiko mata da wani ɗan amalanke mai ƙafa huɗu, irin wanda Turawa ke zuba yara a ciki su riƙa ja in sun fita shan iska, don ta huta da wahalar da take sha duk ranar Litinin ɗin Ista in an tafi Galili, da kashegarin Kirsimeti in an kai yara kallon namun daji. Maigidanta kuwa ya ce sam bai yarda ba, wai 'ya'yansa ba buhunan masara ba ne da za a loda su a baro. Shi ne take tambaya, tsakaninsu wa ke da gaskiya?

Da farko mun so mu ba ta amsa da layi biyu a filin wasiƙu. Amma da muka tuna halinmu, cewa duk abin da ya shiga gida ɗaya a ikkilisiya, kafin shekara ta kewayo sai ka gan shi a gida goma, sai muka ga ya kamata mu yi maganar a fili kowa ya ji.

Shi wannan amalanke ba baƙon abu ba ne a ƙasashen da ya fito. A shekarar 1917 wani kafinta ɗan ƙasar Italiya mai suna Antonio Pasin, wanda ya yi ƙaura zuwa birnin Shikago na Amurka, ya soma ƙera su da katako yana sayarwa. Daga baya ya koma yin su da ƙarfe, ana shafa musu jan fenti, suka shahara da sunan Radio Flyer, har ya zama da wuya ka sami Ba'amurken da bai san shi ba. Amma fa a lura, abin wasa ne aka yi shi, yaro ya ja kayan wasansa ko ƙanensa a ƙofar gida. A Jamus ma suna da nasu na katako tun da daɗewa, kuma abin dariya, ranar da aka fi ganinsa a titi ita ce ranar tunawa da hawan Yesu sama, wadda su a can ita ce ranar iyaye maza, inda magidanta ke cika shi da kwalaben giya su fita yawo. Wannan kam ba mu ba kowa shawarar koyi da shi ba.

Abin da ke sabo shi ne irin na yanzu, mai jikin tamfol da ake naɗewa a jefa bayan mota. Shi ma iri biyu ne, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai wanda aka yi don yara musamman: yana da kujeru, da bel na ɗaure yaro, da birki, da 'yar rumfa, wasu ma ana iya tura su ta gaba kamar keken jarirai. Masu kyau daga cikinsu sukan kai dala 500 har su wuce. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a ƙasar nan a 2024 naira 70,000 ne, sai mai karatu ya yi lissafin da kansa. Sannan akwai mai araha, wanda aka yi don ɗaukar kayan lambu ko kayan zango. Ba kujera, ba bel, galibi ba birki, kuma sau da yawa masu ƙera shi sun rubuta a jikinsa cewa kada a ɗauki yara da shi. Daga nesa kamarsu ɗaya. Wanda ya fi saurin isowa kasuwanninmu kuwa, ko sabo ko a dilar gwanjo, kowa ya san mai araha ne.

Ko a can Amurka ba kowa ke maraba da shi ba. Kamfanin Disney, mai manyan wuraren wasan yara a jihohin Kalifoniya da Fulorida, dā ma bai yarda a shigar masa da amalanken ja ba. Daga ranar 1 ga Mayu 2019 ya ƙara da hana wanda aka yi masa siffar keken jarirai, ya kuma ƙayyade cewa keken jarirai kada ya wuce inci 31 a faɗi da inci 52 a tsawo. Dalilinsu cunkoso ne. Wuri ne fa mai shimfiɗaɗɗun hanyoyi, ba rami, ba babur, ba lambatu buɗe. In masu irin wannan wuri sun ga abin yana tare hanya, to mu da muke kutsawa ƙofar gidan zu ranar 26 ga Disamba, kafaɗa na gogar kafaɗa, sai mu yi tunani.

Ba za mu raina kukan wannan uwa ba. Duk wanda ya taɓa ganin ayarin iyali a hanyar Galili ya san wa ke ɗauke da nauyin fitar. Uwa ce da goyo a baya, kular shinkafa a ka, jarkar ruwa a hannu ɗaya, ɗan shekara uku yana jan zanenta yana kuka a ɗaya hannun. Maigida yana gaba da 'yar tabarma a hammata, in ma ya ɗauka ke nan, yana waiwaye yana cewa a yi sauri. Saboda haka maigidan da ya ce 'ya'yansa ba buhunan masara ba ne, maganarsa tana da kan gado, amma sai mu tambaye shi: a fitar bara, me da me ka ɗauka? In amalanke zai sauke wa mata kula da jarka da tabarma da jakar tufafi, to lalle alheri ne, kuma ba mu da ja a kai.

Inda muke da ja shi ne ɗora yaro a abin da ake ja daga baya, a irin hanyoyinmu.

Wata za ta ce ai goyo ma a baya yake. Gaskiya ne, amma ba ɗaya ba ne. Yaron da ke goye jikinsa na manne da na uwarsa. Tana jin numfashinsa, tana jin in jikinsa ya yi zafi, in ya yi lagwab ta sani, in ta tsallake titi tare suka tsallake. Yaron da ke amalanke kuwa yana can taku biyu ko uku a bayanki, ƙasa ƙasa, idonki yana gaba. In ya miƙe tsaye ba ki gani ba. In ya zura hannu wajen taya, ko ya tsinci wani abu ya kai baki, sai kuka ya sanar da ke. Mafi muni shi ne wajen tsallaka titi. Mai ja yakan auna gudun mota da jikinsa, ya ga ai zai wuce, ya manta cewa lokacin da shi ya kai gefe, yaran suna tsakiyar kwalta tukuna. Ɗan acaɓa da ya ga babba ya wuce sai ya kwanto ta bayansa, daidai inda amalanken yake. Haka direban da ke ja da baya a wurin ajiye motoci, madubinsa na nuna masa tsayin mutum, ba abin da bai kai ƙugu ba.

Sai kuma maganar ƙasa. An yi waɗannan abubuwa don daɓen gefen titi da ciyawar da aka aske. A wuri kamar Millennium Park na Abuja, wanda aka buɗe a Disamba 2003, inda hanyoyin tafiya suke a shimfiɗe, zai yi aiki yadda ake so. Amma Galilinmu galibi a gindin dutse take ko a bakin rafi. Mutanen Jos da Kagoro da Zonkwa ba sa bukatar a yi musu bayanin gangara. A gangara, amalanke mara birki shi ke bin mai ja, ya doki dugadugansa, in hannu ya suɓuce kuwa sai inda ya tsaya. In aka karya kwana da ƙarfi, ko taya ɗaya ta hau dutse, yakan kife gefe, yaron da ba a ɗaure ba ya faɗo da ka. Kuma mu faɗi gaskiya, a gidajenmu wa za a bar wa jan? Kafin a yi rabin hanya an miƙa wa yayansu ɗan shekara tara, shi kuwa a wurinsa mota ce ya samu.

Kada mu manta da rana. Ista kullum tana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato tsakiyar bazara, lokacin da zafi a garuruwa da yawa na Arewa yakan kai digiri 40. Akwatin tamfol mai bango huɗu, kusa da ƙasar da ta sha rana, ba ya samun iska kamar yadda babba mai tafiya a tsaye yake samu. Uwa kuwa in ta ga rana na dukan ɗanta, abin da zai fara zo mata shi ne ta yafa zane a kai. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Sidni ta Ostareliya, aka buga a 2023, ya nuna cewa rufe keken jarirai da busasshen mayafi yana ƙara zafin cikinsa da kusan digiri 4. Yaro ya yi shiru a ciki, ana murna ya yi barci. A bakin titi kuma hancinsa yana daidai da salansar babur da ta mota.

Akwai wani abu kuma da ya fi damunmu, ko da yake ba ya jawo jini. A watan Afrilu 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ta ce daga shekara ɗaya zuwa huɗu yaro yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, kuma kada a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere. A cikin misalan tsarewa ta ambaci keken jarirai, ta kuma ambaci goyo, don haka wannan gargaɗi ya shafe mu ko da amalanke ko babu. To, in yaro ya yi mako yana zaune a aji, ya dawo ya zauna gaban talabijin ko wayar uwarsa, sannan ranar da aka fita domin ya sake, a sake zaunar da shi a akwati ana ja, mece ce ribar fitar? Yaron birni na yau ba tafiya ce ta yi masa yawa ba. Ɗan shekara huɗu da zai tsaya ya kalli ƙadangare, ya tsinci tsakuwa, ya tambayi babansa sunan wata bishiya, ya gaji a saɓa shi a wuya, shi ne ya je Galili. Tafiyar za ta ɗauki lokaci, ba shakka. Ai ba jirgi za a tara ba.

Duk da haka ba mu ce haramun ne ba. Akwai gidajen da wannan abu zai zame musu taimako na gaske. Uwa mai tagwaye da wani ƙarami a sama da su. Yaro mai ciwon sikila, wanda doguwar tafiya cikin rana da ƙishirwa ke iya tayar masa da ciwo. Yaron da ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, wanda sau da yawa shi ake bari a gida da kaka saboda ya yi nauyin goyo, 'yan'uwansa su dawo suna ba shi labari. Irin waɗannan, in hali ya samu, a nemi wanda aka yi don yara, mai bel da birki, wanda ake iya turawa ta gaba yaro yana kan idon mai tura. Babba ne zai riƙe shi, ba yaro ba. A bakin titi a sauke yaran a riƙe hannunsu, ko a ɗauke su. Jariri da bai iya zama da kansa ba kuwa, wurinsa bayan uwa ne ko hannun uba. Masu ƙera na yaran ma kansu galibi daga wata shida suke farawa.

Ga sauran iyalai, muna ganin ba dole kowane gida ya sayi abin da za a yi amfani da shi sau biyu ko uku a shekara ba. Zumuntar mata ko kwamitin makarantar Lahadi suna iya sayen guda ɗaya ko biyu na ɗaukar kaya, a ajiye a ɗakin ajiya na majami'a tare da kujeru da manyan tukwane, a riƙa ara. In ma ba a samu na waje ba, masu walda da ke ƙera mana baro da kurar ruwa ba za su kasa yin ƙaramin amalanken kaya ba, kuɗin kuma ya tsaya a gida. Sai a ɗora kuloli da jarkoki, a ba matasa ko magidanta su ja, hannuwan iyaye mata su samu sararin riƙe yara.

Ke kuma 'yar'uwarmu ta Kaduna, kafin ƙanwarki ta biya kuɗin jirgi, ki ce ta karanta miki takardar da ke manne a jikin amalanken. In an rubuta shekarun yaro da nauyin da kowace kujera ke ɗauka, na yara ne, sai ku zauna da maigida ku duba ko hanyar da kuke bi za ta karɓe shi. In an rubuta kada a ɗauki yara, ki karɓa ki yi godiya, ki zuba kula da jarka da tabarma a ciki ranar Litinin ɗin Ista, ki miƙa wa maigida mariƙin.