Buɗe imel ɗinka da hannunka

Yau magana ce ta musamman ga 'yan aji shida, amma 'yan aji huɗu da biyar ma su kasa kunne.

Lokacin rajistar JAMB, ɗalibi daga Janfalan ko Hunkuyi kan shiga mota zuwa Zariya, ya zauna gaban mai kwamfuta. Da an tambaye shi imel sai ya ce ba shi da shi. Mai shago, da yake layi ya yi tsawo, ya buɗe masa wani cikin gaggawa, ko ma ya sa nasa. Daga nan matsala ta soma. Da wannan imel da kalmar sirrinsa ake shiga shafin JAMB a duba CAPS, inda tun 2017 ake karɓar gurbin karatu ko a ƙi shi. Wanda makullinsa ke aljihun wani, sai ya sake biyan kuɗin mota ya je neman mai shago, in ma ya same shi.

To, tun yanzu ka buɗe naka. Gmail kyauta ne, yana ba da wurin ajiya gigabait 15. Sa sunanka na gaskiya. Wallahi laƙabi irin su "sarkin gayu" ba ya dacewa a saƙon da za a tura wa malamin jami'a. Haɗa shi da layin wayar da ka tabbata ba zai ɓata ba, ko na Baba ko na Inna, domin ta nan ake dawo da shi in an manta kalmar sirri. Rubuta kalmar a takarda ka adana a gida. 'Yan mata, ku ma da kanku za ku buɗe, ba yaya zai riƙe muku ba.

In Allah ya sa ka samu Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Jihar Kaduna, za ka ga adiresoshin da ke ƙarewa da abu.edu.ng ko kasu.edu.ng. Irin wannan na makaranta ne, ita ke da iko da shi. In an ba ka, yi amfani da shi wajen harkar karatu. Amma makarantu da yawa kan rufe shi bayan an kammala, don haka hoton sakamakon WAEC da sauran takardunka, a naka na kanka za ka ajiye su.