Hadaya Ba Ciniki Ba Ce



Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau kuwa za mu faɗe ta a fili. Bayan kakar bara wani baƙon mai wa'azi ya sauka a ɗaya daga cikin ƙauyukanmu da janareta da lasifika, ya yi taron kwana uku. A daren ƙarshe ya ce duk mai son Allah ya amsa masa, sai ya kawo "hadaya mai zafi". Wata gwauruwa da ɗanta ke kwance ba lafiya ta sayar da akuyarta ɗaya tilo da buhun masara biyu, ta kai kuɗin gaba. Baƙo ya shafa mata mai, gari na wayewa ya hau mota. Yaro bai warke ba, kuɗin asibiti kuma babu. Da ta yi kuka, sai aka ce mata bangaskiyarta ce ta kasa. Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, dattawa suna zaune a bencin gaba a daren nan, ba wanda ya ce uffan.

Wannan koyarwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, riga kawai ta sake. Da yawa cikinmu jikokin Maguzawa ne. Mun san yadda kakanninmu suke yanka wa iskoki kaza ko akuya a gindin tsamiya, kowane iska da launin dabbar da yake so, domin gona ta yi kyau ko ciwo ya bar gida. Ciniki ne: ba ni gishiri in ba ka manda. Daga wannan bauta bishara ta fisshe mu. To, yaya za a dawo mana da ita cikin majami'a, a sa ambulan a madadin zakara, mu kuma mu ce amin?

Mu buɗe Littafi Mai Tsarki. Littafin Firistoci sura 1 zuwa 7 ya tsara hadayu iri biyar: ta ƙonawa, ta gari, ta salama, ta zunubi da ta laifi. Allah ne ya ba da tsarin, domin mai zunubi ya ga cewa zunubi yana cin rai. Ku lura da sura 5: wanda ba shi da halin tunkiya an yarda ya kawo kurciyoyi biyu, wanda ba shi da halin kurciya ya kawo ɗan gari. Yusufu da Maryamu ma tsuntsaye biyu suka kai Haikali, kamar yadda Luka sura 2 ta nuna. Allahn da ya sauƙaƙa wa talaka haka, shi ne yau za a ce ba ya jin addu'ar gwauruwa sai ta rabu da akuyarta?

Duk da haka hadayun nan inuwa ce ta abin da ke zuwa. Kowace shekara a Ranar Kafara babban firist yakan shiga Wuri Mafi Tsarki da jini, baɗi kuma ya sake shiga, gama jinin dabba bai taɓa kawar da zunubi ba. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 9 da 10 ta bayyana cewa Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya, aikin kuma ya ƙare. A dutsen Moriya, Allah ne ya tanadi rago a madadin Ishaku. A kan gicciye ma shi ne ya tanada. Tun da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70, ba a ƙara yin yanka a bagadensa ba, ikilisiya kuwa ba ta rasa kome ba. Saboda haka idan lokacin layya ya zo, maƙwabtanmu Musulmi suka aiko mana da nama cikin zumunci, yaranmu kuma suka tambaye mu ina namu ragon, muna da amsa: an riga an miƙa namu. Duk mai cewa sai an ƙara kuɗi a kan jinin Yesu kafin Allah ya saurara, cewa yake yi jinin bai isa ba, ko ya sani ko bai sani ba.

Mun san ayoyin da suke fakewa da su. Za su ce Dawuda ya ƙi miƙa wa Allah abin da bai biya kuɗinsa ba. Gaskiya ne, yana cikin 2 Sama'ila sura 24. Amma Dawuda sarki ne mai tuba, kuɗin kuma mai masussuka ya biya, annabi Gad bai sa ko anini a aljihu ba. Za su ce Yesu ya yabi gwauruwar da ta zuba anini biyu. I, amma su karanta ayoyin da ke gaban labarin a Markus sura 12, inda ya yi kashedi a kan malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Su kuma tuna da Hofni da Finehas, 'ya'yan Eli, masu tsamo naman hadaya da cokali mai yatsa uku, da yadda suka ƙare. Su tuna da Siman mai sihiri, wanda Bitrus ya tsawata wa don ya so sayen baiwar Allah da kuɗi.

Kada wani ya ce muna koyar da rowa. Bin Almasihu yana da tsada, ba sai mun je nesa neman shaida ba. A ƙarni na 19 an kashe Malam Ibrahim a Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, almajiransa da ake kira Isawa suka warwatsu. A shekarar 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka iske Likita Mila a Zariya, bayan haka suka bar garuruwansu suka kafa zangon masu bi a Gimi, nan ƙasar Makarfi. Me suka samu? Ciwon barci ya auka musu, ya kashe da yawa, sauran suka koma Zariya, daga bisani Wusasa. A ma'aunin masu wa'azin ambulan, mutanen Gimi ba su da bangaskiya ke nan. A ma'aunin Romawa sura 12, su ne hadaya mai rai. Ba su yi ciniki da Allah ba, kansu suka bayar. Daga zuriyar Isawa ne Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Waɗanda suka yi shukar, yawancinsu ba su ga girbin ba.

Hadayar da ta rage mana, Ibraniyawa sura 13 ta lissafa ta: yabon Allah, yin nagarta, da raba abin da muke da shi. Manomin rake da ya ɗebi mudu goma na masara ya kai gidan marayu ba tare da shela ba, ya yi hadaya. Mai bishara da ya zauna a ƙauyen da ba makaranta ba asibiti shekara da shekaru, ya yi hadaya. Budurwar da ta ƙi musun Ubangijinta don samun aure ko aiki, ta yi hadaya. Zakka da baiko da godiyar kaka mu ci gaba da kawo su da farin ciki, don Allah ya riga ya ba mu.

Yanzu gare ku dattawa. Ku ne masu tsaron garke. Kada ku ba baƙo bagade sai kun san ikilisiyar da ta aiko shi, kun kuma ga takarda daga shugabanninta. Duk baikon da aka karɓa a taro, a ƙidaya shi a gaban ma'aji da shaidu, a rubuta, a karanta wa jama'a. In mai wa'azi ya sa wa addu'a farashi, ku tashi tsaye ku dakatar da shi nan take, ko da baƙo ne mai babbar riga. Kunyar baƙo ba ta kai hawayen gwauruwa ba. Mu fastoci ma mu binciki kanmu, gama in da muna koyar da Littafin Firistoci da Ibraniyawa yadda ya kamata, da ɓarawo bai sami ƙofa a buɗe ba.

Ikilisiyar da abin nan ya faru a cikinta kuwa, ta san kanta. Muna roƙonta kafin damina ta faɗi, ta haɗa hannu ta saya wa 'yar'uwar nan akuya, ta mayar mata da masararta, ta kai yaron asibiti.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji. Amin.