Hutun amarci a bakin teku: abin da tallar Zanzibar ba ta faɗa wa ɗan Zariya ba

Cikin 'yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta kutso cikin hidimar bikin masu hali a Arewa. Bayan lefe da kamu da walima, sai a ga hotunan ango da amarya a bakin teku, a Zanzibar ko tsibiran Maldives, cikin wani otal da ake tallatawa da alkawari biyu: na manya ne zalla, kuma kuɗi ɗaya ake biya komai ya shiga ciki. Tallar ta iso har wayoyin matasan Tudun Jukun da sauran unguwannin Tudun Wadar Zariya, ta hannun dillalan tafiye-tafiye a Instagram da WhatsApp. Mafi yawan masu kallon hotunan ba za su je ba. Amma akwai masu zuwa: ɗan kasuwa, likitan da ya dawo hutu daga Saudiyya, matashin da ke yi wa kamfanin waje aiki ta intanet ana biyansa da dala. Tambayarsu ta wane otal za a zaɓa ta cancanci amsa, amsar kuma tana tona abubuwa game da ƙasar da suke tashi daga cikinta.

Wannan salon otal ba don mu aka ƙirƙiro shi ba. Kamfanin Club Med ne ya fara shi a 1950 a tsibirin Majorka na Sifaniya, sannan Sandals ya buɗe na ma'aurata zalla a Jamaika a 1981. An gina lissafinsa a kan baƙon Turai ko Amurka da zai wuni yana ci yana sha a bakin ruwa, kuma wani kaso mai tsoka na kuɗin da ake karɓa na giya ne. Ma'auratan da suka taso daga Zariya, waɗanda abin shansu bai wuce lemo da shayi ba, suna biyan farashi ɗaya da mai shan giya tun daga hantsi har dare. A taƙaice su ne ke tallafa wa kwalbar maƙwabcinsu. Sau da yawa ɗaki da karin kumallo da abincin dare ya fi yi musu arha, ko da yake a Maldives, inda kowane otal ke zaune shi kaɗai a tsibirinsa babu kasuwa babu mai shayi a kusa, lissafin yana iya juyewa.

Haka kuma "komai a ciki" ba komai ba ne. Kuɗin ƙaramin jirgin da ke sauka a kan ruwa, wanda zai kai baƙo daga Male zuwa tsibirin otal, yawanci daban ake biyansa. Daga Janairun 2025 Maldives ta ninka harajin muhalli zuwa dala 12 a kan kowane baƙo a kowane dare a manyan otal-otal. Zanzibar kuma tun 1 ga Oktoban 2024 ta wajabta wa duk baƙo sayen inshorar gwamnatinta a kan dala 44, ko da ya zo da tasa.

Ruɗanin da ya fi girma yana kan kalmar "na manya zalla". Bahaushe idan ya ji ta, abin da ke zo masa a rai shi ne sirri da natsuwa, wurin da amarya za ta sake ba tare da idon jama'a ba. Abin da otal ɗin ke nufi kawai shi ne ba a shiga da wanda bai kai shekara 16 ko 18 ba. Wurin ninƙaya na kowa da kowa ne, shigar baƙi ita ce ta bakin tekun Turai, wasu ma an san su da kiɗa har tsakar dare. Zanzibar da Maldives ƙasashen Musulmi ne, amma katangar otal ta raba duniya biyu. A Maldives an haramta giya a tsibiran da jama'a ke zaune, an halatta ta a tsibiran otal. Wanda ke neman wurin ninƙaya na mata daban, da masallaci, da abincin da ba ya buƙatar tambaya, zai fi samun su a otal-otal na halal da ke gaɓar Alanya a Turkiyya, sai dai galibinsu na iyali ne, cike suke da yara. Samun duka biyun a wuri guda yakan tilasta kama ɗaki mai wurin ninƙaya na kansa, a nan ne kuma farashi ke tashi sama.

Farashin kuwa da dala ake yanka shi. Kafin gwamnatin Tinubu ta saki naira a Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Cikin 2024 ta haura 1,500. A ce dare ɗaya dala 400 ne, a kan canjin 1,500 ya kama naira 600,000, wato fiye da albashin wata takwas na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ba a sa kuɗin jirgi ba, wanda ɗan Zariya sai ya je Kano ko Abuja kafin ya hau. Sannan ga koren fasfo da nauyinsa. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta rufe wa 'yan Najeriya ƙofar biza daga 2022 har tsakiyar 2024, Seychelles ma ta taƙaita shigarsu a 2023. Mai hankali ba ya biyan kuɗin otal da ba a mayarwa kafin ya tabbatar za a bar shi ya shiga ƙasar.

Akwai kuma tambayar da ya kamata matashi mai bin siyasa ya yi: kuɗin wa yake amfana? Baƙon da ya riga ya biya komai ba ya fita ya sayi kifi a hannun masunci ko ya hau motar ɗan gari. Gambiya ta ga illar haka har ta haramta wannan tsari a 1999, amma ba a jima ba ta janye saboda matsin manyan kamfanonin yawon buɗe ido na Turai. Ƙasa ƙarama ba ta iya ja da masu kawo mata baƙi.

To me ya hana a yi hutun a gida? Arewa ba ta da teku, amma ta taɓa samun wuraren shaƙatawa na a-zo-a-gani. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga a shekarun 1970, aka yi otal ɗin Rock Castle a gefenta, ga kuma otal ɗin tafkin Bagauda, duk a tsakanin Zariya da Kano. Bagauda yau harabar Makarantar Horar da Lauyoyi ce. Rock Castle ya shafe shekaru a yashe. A nan jihar Kaduna akwai fadar Kajuru, wadda wani Bajamushe ya gina a kan dutse a shekarun 1980, ita ce mafi kusa da irin sirrin da ma'aurata ke nema, domin rukuni guda kan kama ta gaba ɗaya. A daren 19 ga Afrilun 2019 'yan bindiga suka kai mata hari, suka kashe ma'aikaciyar agaji 'yar Birtaniya Faye Mooney da ɗan Najeriya Matthew Oguche, suka sace wasu. Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, da wuya a samu uban da zai yarda a kai 'yarsa cin amarci bayan gari. Yankari da ruwan ɗuminta na Wikki suna nan, sai dai kula da ɗakunanta yana tashi yana faɗuwa da sauyin gwamnati a Bauchi. Ko a Legas mai teku, an rushe wani ɓangare na wurin shaƙatawar Landmark a Afrilun 2024 don a ba babbar hanyar Legas zuwa Kalaba wuri. Mai jarin da ya ga haka zai yi tunani sau biyu kafin ya zuba biliyoyi a bakin ruwa.

Saboda haka zagin ango da amarya a ƙarƙashin hotonsu, kamar yadda aka saba a kafafen sada zumunta, kuskuren saiti ne. Wanda ya tara guminsa ya kai matarsa Zanzibar bai ci haƙƙin kowa ba, ko da mutum na ganin gara ya sayi fili a Dakace. Inda bincike ya wajaba shi ne tafiyar da aka yi da kuɗin jama'a, irin tarukan ƙara wa juna sani da jami'ai ke kai wa ƙasashen waje alhali ana iya yin su a Kaduna. An ga hayaniyar da ta biyo bayan taron sauyin yanayi na Dubai a ƙarshen 2023, inda aka yi rajistar mutum 1,411 da sunan Najeriya, gwamnati ta ce 422 kawai ta ɗauki nauyi. Daga baya shugaban ƙasa ya dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa waje da kuɗin gwamnati na wata uku daga Afrilun 2024. Umarnin ya shafi ma'aikatu da hukumomin tarayya ne kawai, bai taɓa gwamnoni da 'yan majalisun jihohi da shugabannin ƙananan hukumomi ba, waɗanda su ne kasafinsu ya fi kusa da titunan Tudun Jukun.